Gishirin Foga da Simintin Kalambaina: Wa Annoba Ta Kayar, Wa Ta Tayar?

A shekarar 2020, shekarar da aka rufe makarantu da masallatai, aka tsayar da jiragen sama, kowa yana kukan babu, kamfanin simintin Dangote ya yi cinikin da bai taɓa yin irinsa ba tun kafuwarsa. A karon farko cinikinsa ya haura naira tiriliyan ɗaya, ribar da ta rage masa bayan haraji kuma ta tashi daga biliyan 200 a 2019 zuwa biliyan 276. Kamfanin BUA, mai masana'antar Kalambaina ta Sakkwato, wadda ta fi kusa da mu nan Yelu cikin manyan masana'antun simintin Najeriya, shi ma ribarsa ta tashi daga biliyan 60 zuwa 72. Wannan ba hirar tasha ba ce. Kamfanonin ne da kansu suka wallafa alƙaluman ga masu hannun jari, kamar yadda doka ta ɗora musu.

Abin da ya sa na tado maganar, malamai 'yan'uwana da ku iyayen yara, shi ne korona ta riga ta zama tarihi. Yaran da ke ƙananan azuzuwa yau ba su san ta ba sai a bakinmu, abin da muke gaya musu kuwa bai wuce "lokacin kowa ya sha wuya" ba. To, ba kowa ba ne. Annoba tana zaɓe, kuma zaɓen nata yana da ƙa'ida da ake iya ganowa in an duba littafin ciniki. Mu da ke tsakanin Kamba da Malanville, da sefa a aljihun dama, naira a na hagu, ba mu da bututun hayaƙin masana'anta ko ɗaya a garinmu, amma buhun siminti, kwalin taliya, sukari, sabulu da kwanon rufi, duk daga masana'antar wani suke fitowa, kuma ribarsa ko asararsa a kasuwarmu take sauka.

Kafin a zo kan kamfanoni masu hannun jari, ya kamata mu tuna cewa ƙasar nan ta san sarrafa kaya tun ba a san inji ba. A 1853 Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi. Lokacin ana cikin yaƙi, Kabawa da Dandawa da Zabarmawa sun yi wa Gwandu tawaye, amma ya tarar ana dafa gishiri, ya kuma bayyana yadda ake yi, kusan yadda muke gani har yau: a kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta a mataci, a kwarara ruwa, a tari ruwan da ya tsatso, a dafa shi har ya ƙafe, a cura. Ya ambaci Yelu ma cikin manyan garuruwan Dandi. Daga kwarin nan jakuna da takarkarai ke ɗaukar gishiri zuwa kasuwannin Kabi, da Bargu, har Nupe. Shekara biyu kafin nan yana Kano, inda ya ƙiyasta cewa tufafin da Kanawa ke saƙawa su rina su fitar waje suna kai wuri miliyan 300 a shekara. Masana'anta ke nan, ko da babu allo a bakin ƙofa.

Sai dai jarin irin wannan masana'anta ba ƙarfe ba ne. Hannu ne, da bayan dabba, da amana. Shi ya sa annobar farko da ta girgiza ta a zamanin da muke da rubutaccen labarinsa ba ta mutane ba ce. Wajen 1890 zuwa 1891 cutar shanu da ake kira bushiya ta share garken Sahel, Bafaranshe Monteil da ya bi ta yankin nan a 1891 ya ba da labarin mushen shanu zube a hanya. Mai gishiri ba shi da saniya ko ɗaya, amma takarkarin da ke kai masa kaya ya mutu, Bafulatanin da ke sayen gishiri da kanwa don garkensa kuma ba shi da sauran abin ba su. Cuta ba ta taɓa tukunyar ba, ta dai kashe hanya da mai saye.

Ta 1918 ita ce babba. Annobar mura ta sauka Afirka ta Yamma a Firitawun ta Saliyo a tsakiyar Agusta, cikin wani jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mantua. Kafin wata ya ƙare, cikin leburori 600 na kamfanin da ke loda wa jirage gawayi, kimanin 500 ba su fito aiki ba. A duba wannan da kyau: kamfani yana da gawayi, yana da masu saye a bakin gaɓa suna jira, amma ciniki ya tsaya cik don babu mai ɗauka. Ranar 14 ga Satumba wani jirgin, Bida, ya kawo ta Ikko daga Gwalkwas. Daga nan ta hau jirgin ƙasa. Layin dogon da ya isa Kano a 1911, wanda ya buɗe cinikin gyaɗa, shi ne ya kai ta Arewa cikin 'yan makonni, daga tashoshi kuma ta bi fatake da 'yan ci-rani zuwa ƙauyuka, ba ta tsaya a iyakar Ingilishi da Faransa ba. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya, cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba.

Abu biyu suka sa ɓarnarta ga masu sana'a ta yi muni. Na ɗaya, ta zo da kaka, lokacin girbi da cirar gyaɗa da tsinkar auduga, lokacin da ake shirin komawa marina da masaƙa da tukunyar gishiri. Na biyu, ba tsofaffi da jarirai ta fi ɗauka ba kamar yadda mura ta saba, majiya ƙarfi ta fi kayarwa, 'yan shekara ashirin zuwa arba'in. Wanda ya san karofi ya san ba a barinsa. Baba da toka da katsi suna son kulawa kullum, in marini ya kwanta mako biyu, yaransa ma suna kwance, ramin ya lalace da duk abin da aka zuba masa. Turkuɗin da aka karɓi kuɗinsa ba a gama ba, bugu bai samu ba, haraji kuwa yana kan kai, ba ruwansa da wanda ya kwanta.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan zamani shi ne abin da mutuwa ke yi wa bashi. Cinikin ƙasar Hausa a kan amana yake tafiya. Maigida ya ba falke kaya ya tafi Gwanja, sai ya dawo a yi lissafi. Masaƙi ya karɓi zare a hannun dillali, sai an sayar a biya. Littafin yana cikin kai. In falke ya mutu a zango, sau da yawa bashin ya bi shi kabari. In maigidan ne ya rasu, sai a raba gado: wannan ya ɗauki ramin rini, wancan ya ɗauki jakuna, mata su fita da tumuninsu, yara masu koyon sana'a su watse. Babu wani abu mai suna "kamfani" da zai rage bayan mai shi. Kamfanin Bature kuwa ba ya mura. In akawunsa na Kano ya mutu, za a aiko wani daga Ikko ko Libaful, ya buɗe littafi a shafin da aka tsaya, ya ci gaba da bin bashi. A ganina wannan bambanci ya fi bambancin inji da hannu girma, kuma ba kasafai muke koyar da shi ba, don darasin tarihinmu ya fi son yaƙe-yaƙe da jerin sarakuna.

Ba ina cewa mura ce ta kashe saƙa da rini ba. Yadin Manchester da jirgin ƙasa da harajin kuɗi su suka yi wannan aiki, a hankali, cikin shekaru masu yawa. Amma a duba wanda ya fito da ƙarfi bayan ƙura ta lafa. Farashin gyaɗa da fata da manja ya yi tashin gwauron zabo a 1919, a farkon 1920 kamfanin sabulu na Lever ya saye Niger Company kan fam miliyan takwas, watanni kaɗan bayan haka farashi ya rushe, ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka karye, Lever ya yi tangal-tangal amma bankuna suka tallafe shi. A 1929 aka haɗe shi da babban abokin gasarsa aka haifi UAC. A kudu kuwa, masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa ƙarancin hannu bayan annobar na cikin dalilan da suka sa mutanen bakin Kwara suka rungumi rogo, wanda ba ya cin aiki kamar doya. Garin rogon da muke jiƙawa a nan, wanda ke tsallako mana daga Malanville da Kamba, yana da ɗan alaƙa da waccan shekara. Wani abin lura kuma: a 1918 ɗin ne Niger Company ta jawo wani falken goro, Alhassan Dantata, cikin sayen gyaɗa. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa shi ne Aliko Dangote, wanda na fara da alƙalumansa.

Yanzu mu dawo 2020. Duk wanda zai rubuta tarihin wannan shekara daga Gaya dole ya yi hattara, don dūka biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya. Tun watan Agustan 2019, wata bakwai kafin a ji korona a ƙasarmu, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, tana cewa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. Rayuwar Gaya kuwa a kan wannan ratse take: kaya su sauka Kwatano, su hau gadar Malanville, su juya zuwa Kamba ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi su shiga Najeriya. Saboda haka ko da aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai ranar 19 ga Maris, mu mun riga mun rame. Sai aka rufe iyakokin Nijar ga matafiya, aka bar na kaya. Makarantu suka rufe ranar 20 ga Maris, aka killace Yamai a ƙarshen watan, ba a buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu, mu kuma muka koma aji ranar 1 ga Yuni, damina na bakin ƙofa. A Najeriya an kulle Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, Kano ta biyo baya a Afrilu.

Cutar kanta ba ta yi mana irin kisan 1918 ba. Duk tsawon annobar, waɗanda hukuma ta ƙirga sun kamu a Nijar ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu ba su kai 400 ba, adadin da zazzaɓin cizon sauro ke wucewa nesa ba kusa ba a kowace damina. Kano ta ga mace-mace masu yawa a watan Afrilu, musamman na dattawa, ministan lafiya na lokacin ma ya amsa cewa fiye da rabin kusan mutum dubu da aka bincika mutuwarsu na iya zama korona ce. Amma ma'aikacin masana'anta, saurayi ɗan shekara talatin, galibi yana nan da ƙarfinsa. A 1918 ciwon ne ya tsayar da aiki. A 2020 maganin ne ya tsayar da shi: kulle, da shingen hanya, da rufe tasha.

To yaya kulle ke cin kamfani? Akwai kuɗin da ke fita ko an kunna inji ko ba a kunna ba: albashi, haya, gadi, da kuɗin ruwan banki. Akwai kayan da aka gama suna jibge a sito, kuɗi ne a kwance, wani ma yana da ranar lalacewa. Akwai bashin da ke hannun dillalai, waɗanda su ma shagunansu a rufe suke. Sannan akwai dala. A watan Afrilu gangar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da dala 20, Najeriya ta rasa kuɗin waje, babban bankinta ya karya naira daga 306 zuwa 360 a kan dala a watan Maris, ya ƙara karya ta zuwa wajen 380 a Agusta, a kasuwar bayan fage kuwa ta doshi 480. Duk masana'antar da ke sayo sinadari ko kayan gyaran inji daga waje, ko take da bashin dala a wuyanta, ta wayi gari bashinta ya kumbura ba tare da ta ƙara cin ko sisi ba. A watanni uku na Afrilu zuwa Yuni tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari, ɓangaren masana'antu kuma da kusan kashi 9.

Wannan jimilla ce, jimilla kuwa tana ɓoye abubuwa, kamar matsakaicin makin aji da ke ɓoye na ɗaya da na ƙarshe. Kamfanin Guinness na Najeriya, da ya ci ribar biliyan 5 da rabi a shekarar da ta gabata, ya rufe littafinsa a Yunin 2020 da asarar biliyan 12.6. Nigerian Breweries ya ga ribarsa ta faɗo daga biliyan 16 zuwa 7. Ba jaje nake musu ba, misali kawai nake kawowa: kayansu na taro ne, an hana taro. Nestlé, mai Maggi da Milo, ya ɗan sunkuya, daga biliyan 45 zuwa 39. Flour Mills, mai fulawa da taliya da semo na Golden Penny, ribarsa ta ninka, daga biliyan 11 zuwa 25 a shekarar da ta ƙare a Maris 2021. Sukarin Dangote ya tashi daga biliyan 22 zuwa kusan 30. Faɗuwar wani tashin wani.

Na abinci ba su da wuyar fahimta. An kulle mutane a gida, ba a kulle cikinsu ba, gwamnati kuma ta bar motocin abinci suna wucewa. Har tallafin da aka raba ma ta hannunsu ya bi. Gamayyar attajirai da bankuna da ake kira CACOVID ta ware naira biliyan 23 don sayen shinkafa da taliya da sukari da gishiri a raba wa talakawa, kuma a wajen masana'antu aka saye su. Kowa ya tuna yadda aka fasa wasu rumbunan a watan Oktoba aka tarar da kayan ba a raba ba. Ko an raba ko ba a raba ba, ciniki ya riga ya shiga littafi. Injinan shinkafa na Kabi, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, sun sami kasuwa wadda rufe iyaka ya share musu, ko da yake ambaliyar Satumba ta cinye gonakin fadama da yawa ta tsadar da shanshera. Yadda buƙata ta kai, a watan Yuni 'yan sanda suka kuɓutar da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, cikin Kano, waɗanda suka ce tun ƙarshen Maris aka rufe su a ciki, aka hana su zuwa gida don kada aiki ya tsaya, da alkawarin ƙarin naira 5,000 a wata. Duk wanda ya karanta ribar masana'antun abinci ta wannan shekara, ya ajiye wannan labari kusa da ita.

Na siminti ne ke buƙatar bayani, don ba a cin siminti. Dutsen da suke ƙonawa a ƙarƙashin ƙafarsu yake, a Kalambaina da Obajana, ba sai an jira jirgin ruwa daga Sin ba. Masu yinsa a Najeriya uku ne kacal masu ƙarfi, shigo da na waje kuma an toshe shi tun da daɗewa, saboda haka in kuɗin aiki ya ƙaru suna iya ɗora shi a kan buhu ba tare da tsoron wani ya karya farashi ba. Naira na narkewa, mai 'yan kuɗi ya ga gara ya zuba su a bulo da ya bar su a banki, gini ya tashi gadan-gadan daga tsakiyar shekara. Buhun da ake saye wajen naira 2,600 a farkon 2020 ya wuce 3,500 a 2021. Suna kuma da abin da ƙaramin mai sana'a ba shi da shi, wato ƙofar da ake buɗe musu. A watan Nuwamban 2020, iyaka na rufe ga mai buhun albasa da mai tiyar wake, sai labari ya fito cewa an ba Dangote izini na musamman ya fitar da siminti ta tudu zuwa Nijar da Togo, hukumar kwastan ta ce BUA ma an ba shi. Ana cikin annobar BUA yana gina sabon layi mai tan miliyan uku a Sakkwato, wanda aka ƙaddamar a Janairun 2022.

Akwai kuma waɗanda kasuwarsu ke ƙetaren teku. Fatar akuya da ta tunkiya da mahautanmu ke shanyawa, hannu zuwa hannu take bi har majemun Challawa da Sharaɗa, daga can mafi yawanta Italiya da Sifen take tafiya a yi takalmi da jaka. Italiya ce ƙasar Turai ta farko da aka kulle, a watan Maris, har masana'antunta aka rufe. Mutumin da ke zaune a gida ba ya sayen sabon takalmi. Oda ta tsaya a can, majema ta rage saye a Kano, dillali ya daina zuwa kasuwar ƙauye. Mahauci a Yelu bai taɓa jin sunan garin da ake ɗinka takalmin ba, amma ya ji a jikinsa.

A ɓangarenmu na Nijar labarin gajere ne, don annoba ba ta tarar da abin kayarwa da yawa ba. Braniger ta rufe a 2019, kamfanin man gyaɗa na Olga Oil a Maraɗi shi ma ya tsaya kafin korona ta iso. Tsadar lantarki, da nisan teku, da kayan Najeriya masu araha sun riga sun yi aikinsu. Faɗuwar naira ma ta ƙara: sefa na ɗaure da yuro, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, kayan masana'antun Najeriya sukan yi sauƙi a hannun mai sefa, simintin Malbaza da sabulun gida su sha wuyar gasa, dabbobinmu da wakenmu kuma su koma ba su da daraja in an canza kuɗin. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu, ta kuma shirya da bankuna rancen sefa biliyan 150 don kamfanoni, babban bankin BCEAO ya ba da damar ɗage biyan bashi na wata uku. A Najeriya babban banki ya rage ruwan rancensa daga kashi 9 zuwa 5. Duk wannan ta ƙofar banki yake bi, banki kuma yana tambayar rajista, da lambar haraji, da lissafin shekara, da jingina.

Masana'antar Yelu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Ita ce matar da ke dafa gishiri a Foga, da mai turara shinkafa, da mai matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, da mai saƙa tabarmar kaba, da maƙeri, da tela. Ga lissafin allo da nakan ba manyan ɗalibai, ba alƙaluman bincike ba ne, misali ne kawai. A ɗauka mai man gyaɗa tana da jarin jika 30, tana samun ribar jika 3 a mako, da ita ake cefane. Masu saye daga Kamba da Yamai suka daina zuwa mako huɗu. Gida bai daina ci ba, jika 12 ta fita daga uwar kuɗi, saura 18. Ranar da kasuwa ta dawo, tiyar gyaɗa ta ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Jika 18 ɗinta yanzu abin da 14 da 'yan kai ke saye a da take saye. Wata ɗaya tak, ba ta yi ciwon kai ba, ba a sace mata komai ba, jarinta ya koma ƙasa da rabi. Yara sukan yi shiru in mun kai nan, don da yawansu sun gane ta. Kamfani in ya yi asarar wata uku yana nuna ta a takarda, ya ci bashi, ya jira. Ita kuwa ba ta da bango tsakanin tukunyar sana'a da tukunyar tuwo, kamar dai marinin 1918.

Daga nan ne abin ya shigo aji. Uwar da jarinta ya karye ita ce mai sayen littafi da alli da sabulun wanki. Da muka koma a watan Yuni kujeru sun yi giɓi, a Oktoba ma wasu ba su dawo ba. 'Yan mata an riƙe su talla don a tada jarin da ya faɗi. Samari kuwa sun gano cewa rufaffiyar iyaka ta fi buɗaɗɗiya kawo kuɗi ga mai babur da ya san hanyar daji: jarkar fetur ta shigo, buhun shinkafa ya fita, yaro ɗan aji uku na sakandare ya riƙe kuɗin da malaminsa ba ya gani a mako. Da wane baki za ka ce masa ya dawo ya zauna a rumfar zana? Rumfar zanar ma tana da nata alaƙa da maganarmu, don duk ƙungiyar iyaye da ta tara kuɗin gina aji ɗaya da bulo a 2019, ta tarar a 2021 kuɗin ba su kai inda aka yi niyya ba. Ba na zargin kamfani don ya ci riba, aikinsa ke nan, kuma masana'antar da ta tsaya da ƙafarta ta riƙe dubban ma'aikata da iyalansu. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa mai biliyan 276 da mai jika 18 cikin jimla ɗaya a ce "annoba ta shafi kowa".

Najeriya ta buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba ba ta ciki. Nijar ta buɗe nata na tudu a Yunin 2021, Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba ta cika wata goma sha shida a buɗe ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe ta, aka gindaya kwantena a gadar Malanville, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana. Wannan karon babu ƙwayar cuta ko ɗaya, amma masu walda da masu injin niƙa da masu ƙanƙara na Gaya suka zauna, manyan motocin Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, masu kwale-kwale suka gaji gadar. An buɗe ɓangaren Najeriya a Maris 2024, gadar Malanville kuwa ta ci gaba da zama a rufe, kaya na tsallake kogi a jirgin ruwa, kowane buhu da kuɗin ɗauka sau biyu, ɗaya a gaɓar can, ɗaya a ta nan.